Garba Otomatik da Motar Yaya

Duk wanda ya zauna da Garba Otomatik a London ya san farin hankicin nan nasa. Ba na share gumi ba ne, ba na face hanci ba ne. Kai, ko atishawa ce ta kama shi, gara ya yi ta a hannun riga. Hankicin na giyabos ne. Kafin ya gaisa da kai sai ya ɗaga bonet, inji na ruri, ya zaro wani dogon tsinken ƙarfe daga can ƙurya, ya goga a hankicin, ya ɗaga shi sama ya duba, ya kai hanci ya shaƙa har da lumshe ido. Sannan ya miƙo maka.

"Shinshina. Ja ne garau kamar zoɓo, ko? Babu ƙauri? To alhamdulillahi. Ina kwana, ya iyali?"

Wallahi da idona na ga babban likita, da kwat ɗinsa da jakarsa, tsaye a bakin titi a Tottenham yana shinshinar hankicin Garba, don ba yadda zai yi.

Ni dai ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, don taubashina ne. Shi ɗan kawuna, ni 'yar gwaggonsa, tare muka taso a Funtuwa muna tsokanar juna, kuma mutuwa ba ta soke wannan ba. Shekarun nan da kuɗin mai suka fara zuba a gida, gwamnati na ta kwasar mutane tana turowa karatu, ni aka turo ni koyon aikin nas a wani asibiti a Whitechapel, shi kuma kwas ɗin safiyo. Ya kama ɗaki ɗaya a Tottenham, ya shimfiɗa maƙonsa a ciki. Jama'a, Garba ya iya maƙo! 'Yar jakar ganyen shayi sai ta yi fari fat kafin ya sallame ta. In ka je ɗakinsa ka ce sanyi, ba zai kunna hita ba, bargo zai miƙo maka. Tube kuwa, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, cewa yake yi ramin ɓera ne, alhali kowa ya san kuɗin tikiti yake jin ciwo.

To wannan mutumin ne ya wayi gari ya sayi motar da ta fi kowace mota shan mai a unguwar. Kuma a daidai lokacin da mai ya yi tsada a ƙasar Turawa, kowa na neman rabuwa da babbar mota. Mai ita wani Ba'amurke ne sojan sama, ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, ya rasa mai saye. Garba rakiya kawai ya yi wa wani. Da ya leƙa ƙasan sitiyari sai ya ga abin takawa biyu ne kacal.

"Ina kulochin?"

"No clutch, man."

"To wa ke sa mata giya?"

Ba'amurken ya ce ita ke sa wa kanta. Aka ce Garba durƙusawa ya yi a kan kwalta ya cusa kansa ciki, ya daɗe bai fito ba.

Ranar da ya kawo ta ƙofar masaukinmu na nas-nas, tun kafin in gan ta na ji gilashin taga na rawa. Doguwa ce, faffaɗa, ruwan lemo, da baƙin layi biyu a kan bonet. Ƙofa biyu kawai duk girman nan nata. Inji silinda takwas, kafireta mai baki huɗu, salansa biyu a baya. Ko a tsaye take, gurnaninta a ƙirji kake jin sa. Ga sitiyari a hagu, a garin da na kowa ke dama.

Na ce, "Ɗan Kawu, ka haukace ne? Kai da shayi ke gagara? Kuma ko sitiyarin ba a daidai yake ba."

Ya ce, "Daidai yake, 'Yar Gwaggo, ƙasar ce a karkace. Kin manta a gida an koma tuƙin hannun dama? Ita ta san inda za ta. Kuma ki daina cewa tawa. Ta Yaya ce. Ajiya ce a hannuna."

Waɗanda ba su san Yaya Hamisu ba, shi ne babban wan Garba, direban babbar mota, mai jigilar auduga da gyaɗa daga Funtuwa zuwa Ikko. Tun rasuwar Kawu shi ya riƙe gidan, shi ya yi wa Garba karatu da guminsa. Mota ta kife da shi a wata kwana, aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Ƙafar kulochi ke nan. Tun daga nan ya daina zuwa tasha. In yana zaune a ƙofar gida ya ji babbar mota na canja giya a kan titi, sai ya ɗauki sandunansa ya shige ciki.

Duk da haka ban bar tsokana ba. Na ce ai akwai ƙananan otomatik masu sauƙin ci, me ya kai shi ga wannan dodo?

"Mutumin da ya saba hawan dutse da lodin auduga zan kai wa gwangwanin madara? Haba! Yaya sai ya ji inji a ƙirjinsa." Sannan ya nuna ni da yatsa. "Kuma kada a ji a gida. In na faɗa masa, giyabos ɗin nan ya lalace kafin ta isa, babu bakaniken da ya taɓa buɗe irinsa a Funtuwa. Ya yi rashin ƙafa sau biyu ke nan."

Kun ji asalin hankici. Daga ranar, Garba bai da wani aiki a duniya sai kai giyabos ɗin nan gida da ransa.

Tuƙinsa kuwa abin takaici ne. Mota mai ƙarfin tashi sama, amma sai ka rantse gawa ya ɗauko. Juma'a zuwa masallaci, Lahadi ɗan zagaye don kada inji ya yi tsami, shi ke nan. Wata rana 'yar motar nan mai batir ta masu raba madara ta wuce mu a kan hanya, mai madarar har da ɗaga mana hannu. Na sunkuyar da kai don kunya. Garba ko a jikinsa. Wai shi mai madara motar kamfani yake ja, shi kuwa ta Yaya.

Sai dai a gidan mai ne bakinsa ke buɗewa. Akwai lokacin da layi ya yi tsawo, muka shiga, aka zo kanmu, motar nan ta kafa kai tana ta sha ba ta ƙoshi. Wani dattijon Bature a bayanmu, cikin 'yar motarsa da ba ta fi akwatin lefe ba, ya gaji ya fito yana ta mita, wai irin waɗannan motoci ne ke shanye wa mutane mai. Garba ya juya cikin natsuwa, ya gyara hularsa, ya tambaye shi da Turancinsa na makarantar midil ko ya san Nijeriya. Bature ya ce ya sani.

"To man nan daga ƙarƙashin ƙasarmu ake haƙo shi. Na gidanmu take sha, sir. Kai ne baƙo a wannan layi."

Bature ya koma cikin motarsa. Ni kuwa na ji kaina ya yi girma, don a shekarun nan ba kullum baƙar fata ke samun ta cewa a garin ba. Muna fita na ce to mai rijiyar mai, a saya mana ko kifi da dankali mana. Ya ce akwai sauran burodin jiya a gida.

Sau ɗaya tak na ga Garba ya taka motar nan yadda aka ƙera ta, kuma Alhaji Bala ne ya jawo. Kun san shi, ɗan kwangilar nan da ke zuwa London sayayya kamar mai zuwa kasuwar ƙauye, mai doguwar hula da yawan magana. Muna zaune a wani suna, ya ce shi fa bai ga abin yabo a otomatik ba.

"Motar mata ce da ragwaye. Namiji ai sai ya taka kulochi, ya ji ƙarfe ya amsa masa."

Bai san zancen Yaya ba, Allah ya sani. Amma na ga idon Garba ya kaɗa. Sai ya ce, "Alhaji, ranar Lahadi zo mu sha iska."

Na ce ba za a yi wannan ba ni ba. Na shige kujerar baya. Muka fita bayan gari, kan babban titin nan mai faɗi, Garba na tafiyarsa ta ɗaukar gawa, Alhaji na ta hamma yana cewa ai ya faɗa. Da hanya ta yi fili sai na ji Garba ya yi bisimilla a hankali, ya danna totur har ƙasa. Ashe haka abin yake: in ka taka ta har ƙasa, giyabos da kansa yake sauko da giya, sauran bakunan kafireta biyu su buɗe. Ni dai abin da na sani, wani abu ya yi ruri, bonet ya ɗaga, bayana ya manne da kujera, sai ga hular Alhaji Bala a cinyata.

"Innalillahi! Garba! Garba, ina da iyali!"

"Alhaji, ni ban taɓa komai ba. Duba, hannuna biyu na kan sitiyari. Ita ce ke sa wa kanta."

"To ce mata ta bari!"

Da muka tsaya a gefen hanya, Garba bai ko kalle shi ba. Ya fita ya ɗaga bonet, ya zaro tsinke, ya goga, ya shinshina, ina ji yana cewa, "Yi haƙuri, ba za a sake ba." Sannan ya leƙo ta taga.

"Alhaji, motar mata ce ko?"

Alhaji na haki ya ce, "Wace macen? Nas, ba ni hulata."

Daga ranar Alhaji Bala ya zama maroƙin motar, duk inda ya zauna sai ya ba da labarinta. Kuma ƙaunar nan tasa ce ta kusa kashe ta.

Babbar Sallah ce, ta faɗo cikin tsananin sanyi. Aka idar da salla a Whitechapel, kowa cikin shadda da kwat a sama, muka zo tafiya, Garba ya murɗa makulli, mota ta ce ƙyat, ƙyat, ta yi shiru. Sanyi ya kashe batir. Ya ce in tsaya, bari ya zaga ya nemo gareji ko da mai wayar haɗa batir. Ya bar makulli a jiki, don wa zai saci motar da ta mutu?

To kun san halinmu. Bahaushe ba ya wuce motar da ta mutu. Ko bai san mai ita ba sai ya naɗe riga ya sa kafaɗa, balle ranar Sallah, balle motar Garba. Kafin ka ce me, mutanen Kano, na Sakkwato, na Zangon Kumasi, an taru. Alhaji Bala ya shige mazaunin direba yana ba da umarni.

"A tura! In ta ɗau gudu zan sake ta, yanzu za ta tashi."

Na ce, "Alhaji, mai ita ya ce irin wannan ba a tura ta."

"Nas, ki tsaya ga allurarki. Tun ba a haife ki ba muke tura mota."

Suka tura har ƙarshen layi, manyan riguna na jan ruwan ƙanƙara, Alhaji na ta laluben kulochi da ƙafar hagu yana taka iska. Shiru. Suka juyo da ita suka sake. Shiru. Turawa suka fito ƙofar shaguna suna kallo. Sai wani mutumin Kumasi ya ce shi yana da van da igiya a nan kusa.

"Mu ja shi har Tottenham. A hanya zai tashi, dole ne."

Har an ɗaura igiya, van ya fara hayaƙi, sai ga Garba ya ɓullo daga kwana. Ban taɓa sanin yana iya gudu ba. Ya tattare farar babbar rigarsa, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba, ya zo ya zube tsakanin van da mota, a kwance, cikin ruwan titi.

"Sai dai ku ja ta ta kaina!"

Aka yi cirko-cirko. Wani dattijo ya ce haba Malam Garba, taimako ne fa, ai wannan cin fuska ne.

Garba yana kwance yake magana. "Baba, na gode, Allah ya saka. Amma wannan ba ƙarfe ne ya haɗa inji da taya ba, mai ne. In inji bai tashi ba, famfon man ba ya juyawa. Ku tura har gobe ba za ta tashi ba. In kuwa kuka ja ta a bushe har Tottenham, giyabos ya ƙone. Motar wana ce. Ƙafarsa ɗaya. In wannan ta mutu, da wace ƙafa zai taka kulochi?"

Alhaji Bala ya fito daga motar a sanyaye, ya durƙusa da shaddarsa, ya kwance igiyar da hannunsa. Na ga yana share ido, ya ce wai sanyi ne.

Garba ya tashi ya kwance batir, zai kai caji wurin wani mai gareji da ya sani a unguwarsu. Aka ce a kira masa taksi.

"Taksi? Kun san abin da suke caja?"

Ya yi gammo da hularsa ya ɗora batir a ka. Kwandastan bas ya ce ba za a shiga da wannan ba, Garba ya ce ba komai, ya kama hanya a ƙasa. Alhaji Bala kuwa ya kafa lema a gefen motar ya ce ba mai taɓa ta, a nan aka kawo masa naman Sallarsa. Ruwan batir ya ɗiga ya huda rigar nan tun daga kafaɗa har baya. Kun ɗauka ya yar? Shekara da shekaru yana sa ta zuwa biki, in an tambaya ya ce sabon aikin London ne.

Da kwas ya ƙare, gwamnati ta ba shi tikitin jirgin sama. Ya ƙi. Wai ya ji labarin masu sauke kaya a tashar jirgin ruwa da igiya suke jan mota. Ya nemi gurbi a jirgin ruwan da zai ɗauke ta, suka tafi tare. Mutane na komawa gida da rediyo, da talabijin, da leshi, shi kuwa katan-katan na jan man giyabos ya cika but ɗin motar da su, don a gida ba a sayarwa. Ranar tafiya Alhaji Bala ya zo da nasa katan ya ƙara masa, ya ce, "Ka ce wa Yayanka wani mai dogon baki yana gaishe shi."

Ni na riga shi isa gida ta sama. Lokacin jirage sun yi cunkoso a Ikko, kowa na odar kaya, nasu ya tsaya a kan ruwa wata da watanni. Gwaggonninmu har sun fara sadaka. Rannan da hantsi muka ji gurnani daga bakin titi, na ce wa Inna, "Ga Garba nan." Ya fito ya rame ya yi baƙi, motar kuwa tana ta sheƙi. Mata suka rufe but suna neman tsaraba, aka buɗe, gwangwanayen mai. Har yau akwai waɗanda ba su yafe masa ba.

Yaya Hamisu ya fito a kan sandunansa. Ya zagaya ta a hankali, ya ce a ɗaga masa bonet. Ya ƙirga wayoyin filogi da yatsa, ya karkata kai ya saurari inji, ya daɗe.

"Takwas. Ta yi, Garba. Ka yi mota. Allah ya tsare."

Ya juya zai shige gida, irin shigewar nan tasa. Garba ya ce, "Yaya, don Allah zo ka duba min wani abu a ƙasan sitiyari."

Ya dawo ya dafa ƙofa ya sunkuya. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ina kulochin?"

"Babu, Yaya."

"Karyewa ya yi?"

"Haka aka ƙera ta. Birki da totur, duka na ƙafar dama ne." Sai Garba ya durƙusa a gabansa, ya miƙa makulli da hannu biyu, an naɗe shi cikin farin hankicin. "Ga ajiyarka."

Ni ban san lokacin da na fara kuka ba. Yaya ya karɓi makulli. Ya miƙo min sandunansa, ya shiga ya zauna, ya riƙe sitiyari. Na ga dungulmin ƙafarsa ya motsa yana neman abin takawa, shi ma ya gani, ya yi dariya hawaye na zuba. Na faɗa kujerar baya da sandunan a cinyata, Garba ya zauna a gefensa.

"Ka taka birki, ka ja wannan ya zo kan D."

"Sai kuma me?"

"Sai ka tafi, Yaya."

Bai tambayi kowa hanya ba. Tasha ya nufa kai tsaye. Ya shiga ta babbar ƙofa, ya zagaya rumfar direbobi, ya ba ta wuta har kwanon rumfar ya amsa. Tsofaffin abokan aikinsa suka miƙe, wani ya yar da kofin shayinsa yana ihu, "Hamisu ne! Wallahi Hamisu ne ke tuƙi!" Da muka hau hanyar Zariya kuwa sai ya danna ta har ƙasa, ba wanda ya koya masa. Garba ya dafe gaban mota.

"Yaya, a hankali, giyabos ɗin..."

"Motarka ce?"

"A'a, Yaya."

"To yi min shiru."

Wallahi ban taɓa ganin an yi wa mutum tsawa ya ji daɗi irin na Garba a ranar ba.

Abin da da yawanku ba ku lura ba, wannan da muke kira Otomatik har ya koma ga Allah bai taɓa mallakar otomatik ba. Wata tsohuwar a-kori-kura ya yi ta ja, mai kulochi mai tauri. In na tsokane shi sai ya ce, "Ƙafata biyu, 'Yar Gwaggo, me zan yi da ita?" Yaya Hamisu ya ja motarsa shekaru masu yawa, shi ke kai amare, shi ke kai marasa lafiya asibiti, bai sake ɓuya daga ƙarar inji ba. Bayan rasuwarsa hankicin ya dawo hannun Garba. Da na je gaisuwar rasuwar Garba, matarsa ta ɗauko min shi daga aljihun rigar nan mai huji. Jan ya koɗe, amma yana nan. Na kai hanci, ba ƙauri.

Allah ya jiƙanka, Ɗan Kawu. Ka riƙe ajiya, ka kai ta ga mai ita lafiya. Allah ya karɓe ka kai ma lafiya, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Yaya a Aljanna yana tsaye da ƙafafunsa biyu. Amin.